Bindigar da Sajan Ya Zaɓa

A wani ƙaramin gari an yi wani sajan na 'yan sanda, Bazazzagi, wanda ya yi suna wajen harbi. In abu ya taso a garin ba a cewa a kira 'yan sanda, sai dai a ce a kira Sajan. To, shekaru sun ja, ido ya fara yi masa gardama. Na nesa yana gani tar, yakan ƙirga shanu a hayin rafi. Na kusa ne ya koma masa dishi-dishi. Matarsa ce ta fara lura. Ta ga yana lalubar bakin kofi da yatsa kafin ya zuba shayi, ta ga ya daina yanke farcensa da kansa. Ba ta yi masa zancen ba, don abin da namiji bai furta ba, nauyin faɗa masa ake ji.

Yana da amini, wani wanzami Bakano, wanda ya shekara talatin yana yi masa aski a gindin darbejiya. Kun dai san wasan Kanawa da Zagezagi, ba a ragawa juna. Wata rana wanzami ya gan shi ya miƙe hannu da takarda can nesa yana karantawa, sai ya ce, "Kai bawana, kai kana Zariya, takardar tana Kano?" Sajan ya ce, "Yi askinka, sarkin kwarkwata." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma daga ranar bai sake buɗe takarda a gaban mutane ba.

Ana nan aka kawo sababbin ƙananan bindigogi ofishinsu, iri biyu, aka ce kowa ya zaɓa. Ɗaya irin ta da ce, sai ka daidaita ɗan ƙarfen bakinta da tsagar da ke baya, ka zuba musu ido sosai, sannan ka harba. Ɗayar kuwa an ɗora mata ɗan gilashi. In ka leƙa za ka ga jan ɗigo kamar ƙwayar gero, duk inda ya sauka nan harsashi zai je. Mai rabon ya ce wannan ta fi yi wa masu shekaru sauƙi. Sajan ya ɗauka ya leƙa, ya ɗora ɗigon a kan wata ƙusa a bango, ya gan ta sarai. Rabonsa da ganin saiti haka ya fi shekara uku, hannunsa ma bai so sakinta ba. Sai ya tuna gindin darbejiya. Tun daga nan yake jin muryar wanzami yana shela wai har bindigar bawansa an saya wa tabarau. Ya ajiye ta a hankali, ya ɗauki irin ta da. Ya ce, "Ku ba yara wannan. Mu da ido muka koya."

Bayan wata biyu, ranar kasuwa da hantsi, mahaukacin kare ya shigo gari, yawu na dalala a bakinsa. Kowa ya watse. Wanzami yana fama da gwiwa, gudu ba nasa ba ne, sai ya jingina da bishiya ya kare kansa da kujerar aski. Aka ruga aka kira Sajan. Da wanzami ya hango shi tafe da bindiga a hannu, sai ya saki numfashi, har ya sauke kujerar. Ya ce, "Yawwa, ga bawana. Yi aikinka." Tsakanin Sajan da karen bai fi taku goma sha biyar ba. Yana ganin karen sarai, har ƙudajen da ke kunnensa. Amma da ya ɗaga bindiga, ɗan ƙarfen nan ya zama biyu, ya zama uku, yana yawo. Harsashin farko ya tayar da ƙasa. Na biyu ya ɓare bawon darbejiya. Kafin na uku karen ya yi tsalle ya kama wanzami a kunci da wuya. Da taɓarya da sanduna mutane suka kashe shi.

An kai wanzami asibitin birni, amma cizon yana kusa da kai, allurar cizon mahaukacin kare kuma ba a same ta da wuri ba. Sajan yana zuwa kullum ya zauna a bakin tabarmarsa. Ko sau ɗaya wanzami bai tambaye shi yadda aka yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na gane, karen nan Bazazzagi ne, ka ƙi harbin ɗan'uwanka." Kafin wata ya cika ciwon haukan kare ya kama wanzami, ya fara tsoron ruwa, ranar wata Laraba aka kai shi makwancinsa.

Da Sajan ya dawo daga maƙabarta ya zauna a tsakar gida, ƙasa a ƙafarsa, bai ko cire hula ba. Matarsa ta ajiye masa ruwa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Ba na gani." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, maigida." Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun bara waccan."

Da a gaban bindigogin nan biyu ya faɗi haka, dariyar kwana biyu za a yi masa a gindin darbejiya, mai yin dariyar kuma da yana nan da ransa. Ai shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.