Kwamfutar da Aka Ƙara wa Gudu

Tasi'u, angona na ƙarya, ajiye sukundireban nan ka saurare ni. Tun safe nake jin kwamfutarka tana gurnani, uwarka ta ce wai gudu kake ƙara mata. To ga misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani mutum mai ɗaukar bidiyo a wajen biki da suna, mutumin kirki, ga iya aiki. Wata rana wata mata ta kira shi gidansu, ba don biki ba. Tsohuwarsu ce kwance, jiki ya ƙi, autanta kuma yana can wata ƙasa wajen neman abinci, shekara da shekaru ba su sa juna a ido ba. Tsohuwa ta ce ita ba ta yarda da maganar waya ba, a ɗauke ta sosai, tana da abin da za ta faɗa wa yaronta shi kaɗai. Aka jingina ta da filo, aka ɗaura mata kallabinta mai kyau, ta kori kowa. Shi ma mai bidiyon kafa kyamara ya yi ya koma zaure. Ta yi maganarta, daga ita sai kyamara. Ba a jima ba Allah ya karɓi abarsa. Aka ce auta zai zo sadakar arba'in, ranar za a kunna masa.

Lokacin kuwa bayan salla ne, biki ta ko'ina, aiki ya yi wa mutumin nan yawa, kwamfutarsa kuma tafiyar hawainiya take yi. Sai wani abokinsa ya ce masa ai ƙwaƙwalwar da ke cikinta, furosesa suke ce mata, masu ƙera ta dabaibayi suka yi mata, ana iya kwancewa. Mai bidiyo ya shiga can cikin saitinta ya ƙara mata gudu. Ta kuwa yi gudu! Daɗi ya kama shi, ya sake ƙarawa, ya ƙara mata wuta a kai. Fankar ciki ta kama ihu kamar injin markaɗe, jikinta ya yi zafin da sai ka gasa gurasa. Yana cikin aiki allo ya koma shuɗi, ta mutu, ta tashi da kanta, ta sake mutuwa. Daga nan ya danna, ya danna, fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin. Ya zare waya ya mayar, ya canza soket, ya yi mata fifita, har tofi ya yi mata. Shiru. Ya rungume ta kamar mai kai yaro asibiti, sai wurin mai gyara. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya cire wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya ɗan jira, ya mayar. Sai ga ta ta tashi, ta manta duk haukan da aka koya mata, ta koma tafiyarta ta da. Ya ce masa, "Malam, wannan karon ta yafe maka. Bar ta inda masu ita suka ajiye ta."

Wanda ya ga haka ai sai ya gode wa Allah ya kama kansa, ko? Ina! Shi abin da ya koyo a wurin shi ne, ashe ɗan kwabon nan ne maganin. Yana komawa shago ya sake ƙara mata, wai ya ɗan rage kaɗan. Ta tashi lafiya, ba ta mutu ba, ya ce shi ke nan ya gano bakin zaren. Bai san ciwon ya koma can ciki ba. Tana gudu tana tuntuɓe, tana zubar da abin da aka ɗora mata, kuma ba ta faɗa. A haka ya juye maganar tsohuwa daga katin kyamara zuwa cikinta. Ta nuna masa ta gama. Bai kunna ya duba ba, don amana ce, an ce kada kowa ya ji. Ya goge katin, ya tafi ɗaukar kamun wata amarya.

Ranar sadaka auta ya iso. Bayan an shafa addu'a aka kai shi ɗakin tsohuwa, ya ce 'yan'uwa su zauna, ba zai iya gani shi kaɗai ba. Mai bidiyo ya kunna. Sai ga fuskarta, tana gyara zama, tana kallon yaronta. Ta ce, "Autana…" Shi ke nan. Fuskar ta tsattsage, ta koma dabbare-dabbare kore da ja, murya ta zama ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti. Haka har ƙarshe. Ɗaki ya ɗauki salati. Auta ya ce a mayar baya. Aka mayar. "Autana…" Ya juya wurin babbar yayarsa, ya ce, "Yaya, me ta ce?" Ta ce, "Wallahi ban sani ba, korar mu ta yi." Ya dubi mai bidiyo, ya ce, "Katin fa?" Kati kuwa ai tuni an goge. Rawar 'yan matan kamu ce a kai yanzu.

Innalillahi! Babu mai gyaran da ba a kai wa ba, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Auta bai zage shi ba, Tasi'u, ai da zagin ya fi sauƙi. Cewa ya yi a zuba masa ɗan guntun nan a waya. Da kalma ɗaya ya koma inda ya fito.

Shi ya sa mutanen da can suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.