Barkono a Kan Farantan Sola

Kai Barau, sauke buzun nan daga kan farantin sola tun raina bai gama ɓaci ba! Gemu duk furfura, amma duk faɗin garin nan ka rasa wurin shanya sai nan? Zo zauna in ba ka labarin wani maigadi, ko kunnenka zai ji.

A wani ƙauye aka yi shi, can ƙetaren gulbi, inda turken lantarki bai taɓa zuwa ba. Ƙasarsu ƙasar kububuwa ce, duk kaka sai ta sari manomi biyar ko shida. Bayan an sha binne mutane, aka kafa musu farantan sola huɗu a bayan asibitin sha-ka-tafi, aka haɗa da batir da ɗan firij, aka ajiye allurar saran maciji a ciki. Malamar asibitin ta tara jama'a ta ce musu maganin nan sai da sanyi, sanyin kuma daga rana yake zuwa, don haka ko ganye kada a bari ya kwana a kan farantan. Aka kewaye wurin da waya, aka damƙa makulli a hannun wani dattijo da ake ganin ya san ciwon kansa. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo! Kaka ta yi, barkononsa ya nuna. In ya shanya a ƙasa awaki su tattake, kaji su barbaje. Sai ya ɗaga kai ya dubi farantan: ga su a sama, sumul, sun fuskanci rana, ga shinge, ga makulli a aljihunsa. Malama kuma ta tafi kwas birni na mako biyu. Gogan naka ya shimfiɗa tabarmi a kai, ya danne da duwatsu, ya baza barkono, wai ai rana ta Allah ce, ba ta ƙarewa. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk garin sun gani. Masu zuwa rijiya sun gani, masu dawowa daga masallaci sun gani, ba wanda ya ce uffan, wai ana jin kunyar furfura. Kwana uku firij ya daina ƙugi, dattijon ya ce hutawa yake yi. Hutawa fa! Ana gobe Malama za ta dawo ya kwashe kayansa, ya share wurin tas. Rana ta bugi farantai, firij ya tashi, ya ɗau sanyi kamar ba a yi komai ba.

Ba a rufa mako ba, matar dattijon ta shiga gonarsu da hantsi tsinkar ragowar barkono, kububuwa ta sare ta a diddige. Aka kawo ta asibiti a amalanke, shi yana gaba yana ce wa mutane su kwantar da hankalinsu, akwai magani. Malama ta buɗe firij, ta ɗaga kwalba ta duba a haske. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ta ɗaga ta biyu, ta ɗaga ta uku, duk haka, zafin kwana goma ya gama da su. Ta juyo ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Aka ɗora matar a babur za a kai ta babban asibiti, jini na fita ta dasashinta. A bakin gulbi ta cika, suna jiran mai fito. Barkono kuwa ya bushe lafiya lau, ja wur, buhu uku jingine a zaure. Masu zuwa ta'aziyya suna zaune kusa da su suna ta atishawa, ba mai iya kallon idon wani.

To, ni ba zan yi shirun mutanen garin can ba, Barau, ko za ka yi fushi da ni shekara. Farantin nan da ka rufe shi ke riƙe da firij ɗin asibitinmu, kuma naka iyalin ma gona suke shiga. Kai buzunka kan danga. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: garin neman gira, a rasa ido.