Farautar Allura

Farfesa ya riƙe wayar da yatsu biyu, kamar wanda ya tsamo ta daga kwata, ya karanta wa ɗalibansa baitin da ya karaɗe gari a makon nan. Da ya kai ƙarshe ajin ya kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Wannan shi ne adabinku," in ji shi. "Zagin minista a waya."

Waƙoƙin na wani ne da ke kiran kansa Allura. Babu wanda ya san fuskarsa. Waƙa za ta faɗo cikin wayoyi da safe, kafin rana ta take direbobin haya sun haddace ta, zuwa yamma gidan rediyon gwamnati na ƙaryata ta. An kama mutane saboda tura ta kawai, wasunsu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

Wannan bai dami Farfesa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne littattafansa shida kan adabi da siyasa suna shan ƙura a laburare, ƙananan malaman sashen kuwa sun koma rubuta maƙala a kan Allura. Wani abin haushin ma, akwai jimloli a waƙoƙin da in ya karanta sai ya ji ƙamshin littattafansa a jikinsu. Ga rashin ilimi, ga sata.

Sai ya ƙudura zai tsiraita shi. Ya sa aka haɗa masa manhaja mai bin sawun marubuci: ƙananan kalmomin da yake maimaitawa bai sani ba, tsawon jimlarsa, inda yake jan numfashi. Da ita zai nuna wa duniya cewa gwanin nasu wani ɗan ta-more ne da bai gama sakandare ba.

A gida ya tarar da maman yara a teburin falo, gaban kwamfuta, inda take kullum tun da 'ya'yan suka watse. Ya jefa mata takarda mai kanun magana uku.

"Laccar jibi ce. Kar ta wuce shafi goma."

Ta duba takardar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baban yara, da ka ƙyale wannan binciken. Mutane fa ake kamawa."

"Ke me kika sani a adabi? Yi aikinki."

Ta gyara gilashinta, ta ja kwamfutar gabanta.

Ranar laccar zauren ya cika maƙil. Farfesa ya karanta shafukansa da muryar da yake ji da ita, ya haska zane-zanen manhajar a allo. Aka tafa sama-sama. Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu: wani ɗalibi mai manyan shekaru da ya shigo tsakiyar zango, kullum yana layin baya da takalmi mai ƙyalli, ba ya dariya, ba ya musu. Farfesa ya daɗe da laƙaba masa Gunki.

"Ranka ya daɗe, na'urar za ta iya faɗin ko waye shi?"

"Ka ba ta rubutun mutum dubu, za ta zaƙulo maka shi ko ya sauya suna sau ɗari. Ba ta kuskure. Sai dai ban san ko kai za ka iya kunna ta ba."

Aka yi dariya. Gunki ya sunkuyar da kai. Bayan an tashi ya biyo Farfesa ofis, hannu biyu a baya, yana roƙon a ba shi kwafin manhajar ko zai ƙaru. Farfesa ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. A ransa ya ce ko bango aka bai wa, abin da zai tsinta ke nan.

Daga ranar Gunki bai sake zuwa aji ba. Waƙoƙin Allura ma suka ɗauke cak. Farfesa ya riƙa shiga ɗakin hutun malamai yana tambaya ina gwanin nasu, ko tawadarsa ce ta ƙare.

Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. Gunki ne ya fara shigowa, mutum biyu a bayansa. Takalmin na nan da ƙyallinsa, amma kafaɗun sun miƙe. Ya ɗaga katin aikinsa na jami'in tsaro daidai hancin Farfesa.

"Mun zuba wa manhajarka rubutun duk wanda ya taɓa buga littafi ko maƙala a ƙasar nan," in ji shi. "Suna ɗaya ta fitar. Naka."

Farfesa ya yi wata busasshiyar dariya. "Ni? Wannan shara? Na'urar ta kwafsa."

"Kai ka ce ba ta kuskure. Littattafanka shida, har da laccar da ka yi mana, duk hannu ɗaya ne da na Allura."

Farfesa ya daina dariya. Ya buɗe baki. Jimla ɗaya tak za ta fitar da shi, kuma tana kan harshensa. Ya dubi littattafan a jere cikin kabad ɗin gilashi, sunansa da ruwan zinariya a gadon bayan kowanne. Ya rufe bakin. Ko don rufin asirin wani ne, ko don na kansa, shi ma bai sani ba.

Ya miƙa hannuwansa.

A waje maƙwabta sun yi cirko-cirko. Ya ji wani yana raɗa, "Ashe shi ne Allura," da irin girmamawar da bai taɓa samu ba a duk shekarunsa na koyarwa.

Maman yara na tsaye a bakin ƙofa, gilashinta a hannu. Har aka rufe motar bai iya haɗa ido da ita ba, domin a littattafan nan shida, da laccar, da duk abin da aka taɓa bugawa da sunansa, babu jimla ɗaya da ba ita ta rubuta ba.