Ranar da na wanke ƙwaryar Kaka

Ina aji huɗu a Ƙarfi, malamin tsafta ya ce mana duk ciwon cikinmu daga ƙwaryar nono yake, ƙwayoyin cuta ne fal a ciki. Ni kuwa lokacin, maganar Malam ba ta faɗuwa ƙasa. Da la'asar na ɗauko ƙwaryar da Kaka ke kwantar da kindirmo, wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, na dirje ta tas.

Kaka ta sansana, ta zauna.

"Maigidana, ka kashe mini iri. Daga ɗakin uwata na taho da tsamin nan."

Ta aike ni roƙo wurin masu tallan nono a bakin kasuwa. Wa zan gani? Malam, a tsugune da ludayi, fura har gemu.

"Malam, ƙwayoyin cutar fa?"

"Kai, yaro, wannan ai na jarrabawa ne."

Da na girma na zaga ƙasashe, na ji likitoci na cewa hanji ba ya lafiya sai da ƙwayoyi irin na kindirmo. Dariya nake, amma da zafi. Ranar nan, Kaka ta karɓi tsamin aro da na kawo, ta ɗanɗana, ta ce, "Na mutane ne, ba namu ba."