Kofin Efraín

Efraín ya ɓare lambar gasar da ke jikin kwalbar maƙwabcinsa Nicanor ya manna a tasa, tasa lambar kuma ya manna a ta Nicanor. Shekara shida ke nan a gasar masu dafa giya a gida ta garin Bariloche, Nicanor ke ɗaukar kofi, shi kuwa yana tafa masa zuciya na ƙuna. Bana dai da giyar Nicanor zai ci.

Alƙalai suka ɗanɗana, aka kira wanda ya lashe. Nicanor ne.

Efraín ya tashi ya nufi waje. Zai fice ke nan Nicanor ya tare shi a ƙofa, ido cike da ƙwalla.

"Mutumina, ungo kofin, naka ne."

"Har da ba'a kuma?"

"Wace irin ba'a? Tun da safe na musanya lambobinmu a ɓoye don ka ci ko sau ɗaya. Ashe taka ta fi tawa! Giyarka ce ta ci."

Jama'a suka ɗauki tafi. Efraín ya karɓi kofin yana murmushin yaƙe. Shi kaɗai ya san cewa da hannunsa ya mayar wa kowace kwalba lambarta ta asali.