Shekarar da Tsoho Yake Rubutawa

Marlys ta laɓe a ƙofar rumfar tumatir tana leƙen mahaifinta. Ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai manhajar DOS ta zamanin da, kwamfutar ta nemi kwanan wata, ya buga mata 1997. Kwana uku ke nan tana kama shi yana haka. Takardar kai shi gidan kula da tsofaffi na cikin jakarta, sa hannu kawai ya rage.

"Baba, wace shekara muke ciki?"

"2025, likita sarkin bincike," ya ce, ko juyowa bai yi ba.

"To me ya kawo 1997?"

"Wannan tsohuwar ba ta san komai bayan 1999 ba, ga batirin agogonta ya mutu. Ita ke sakar wa tumatir ruwa Litinin da Alhamis. Kalandar 1997 daidai take da ta bana, Litinin ɗinsu ita ce tamu."

Marlys ta duba wayarta. Gaskiyarsa ne. Ta cusa takardar can ƙasan jaka.

"Na san da takardar nan. Adana ta, za ta yi miki amfani," in ji shi. "Shekaranjiya na cika tamanin. Tare muka wuni, ba ki tuna ba."