Jan Kifin Lorna

Ranar da aka buɗe kamun jan kifi, gaɓar kogin Kenai ba masaka tsinke. Mutane sun jeru cikin ruwa kafaɗa da kafaɗa, kowa da wandon roba har ƙirji, ana ta wurga fatsa kamar masu sussuka. Royce ya sami gurbi kusa da wani tsoho mai suna Einar. Shi dai Royce wurgawa yake yi don kada a ce bai wurga ba. Idonsa ya fi yawo a kan hannayen mutane fiye da kan ruwa.

Shi jan kifi, wanda namansa ne ja ba fatarsa ba, da zarar ya baro teku ya shigo kogi, ya yi sallama da ci. Ba a yaudararsa da tana. Sai dai ka saki zare ya bi ruwa, ya ratsa ta bakinsa, ka fizga a kan kari. In ƙugiya ta kama baki, naka ne halal. In kuwa ta kama baya ko ciki ko wutsiya, sai ka sake shi ko da kuka kake yi, domin in jami'an tsaron kogi suka gan ka, su ƙwace kifin, su kuma bi ka da tara.

Einar ya san duk wannan tun kafin a haifi rabin mutanen da ke wurin. Hannunsa ne ya daina yi masa biyayya. Kafin ya fizga, kifi ya wuce. In ya fizga, zaren ya harɗe da na maƙwabci. Hantsi ya dubi ludayi, kowa ya tsira kifi a igiya, ban da shi da Royce.

Ba a tambaye shi ba Einar ya fara ba da labari, kamar yadda tsofaffi kan yi in abu ya ci musu rai. Matarsa Lorna tana kwance. Likitoci sun ce a mai da ita gida, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. Ta daina cin komai, sai jiya ta buɗe ido ta ce tana marmarin jan kifin farko, gasasshe da man shanu.

Twila, wata ƙatuwar mata da ke ɗaya gefensa, ta ɗago igiyarta. "Haba Baba, ai sai ka faɗa tun ɗazu! Zaɓi wanda ya yi maka."

"Na gode, 'yata," in ji Einar. "Tun da muka yi aure ba ta taɓa buɗe shekara da kifin wani ba. Za ta tambaye ni, ni kuwa ban iya yi mata ƙarya ba."

Royce ya yi da-na-sanin tsayawa a wannan gurbi, amma ba shi da ikon barinsa. Ya rage wa tsohon dalmar da ke nutsar da zarensa, ya gyara masa tsayuwa, ya riƙa raɗa masa, "Yanzu, Baba, fizga!" A tsallaken kogi wani mutum na zaune kan dutse da madubin hangen nesa, wai kallon mikiya yake yi. Mikiyoyin dai a sama suke.

Can sai sandar fatsar Einar ta lanƙwashe. "Ya kama!" wani ya yi ihu, jama'a suka janye zaruruwansu don a ba shi fili. Tsohon ya dage, haƙora a cije, ruwa na dukan cinyoyinsa.

Gaban Royce ya faɗi. Kifin da aka kama a baki da kai yake zuwa. Wannan kuwa a karkace yake tafiya, yana yanka ruwa da gefensa. Royce ya shiga roƙon Allah zaren ya tsinke, ko ƙugiyar ta zame, ko ma mene ne.

Ba abin da ya tsinke. Twila ta sa koma ta kwaso shi, ƙato, fes kamar azurfa, ga ƙugiya ta nutse a gadon bayansa.

Nan take kowa ya sami abin yi. Wani ya duƙufa kan ƙullin zarensa, wani ya ga ya kamata ya ƙare wa gajimare kallo. Mutanen kogi ba su san sunan juna ba, amma sun san lokacin da ake makancewa.

Einar ya durƙusa a kan tsakuwa, ya zaro ɗan kulkinsa na kashe kifi.

"Baba, don Allah sake shi," Royce ya ce. "Muddin ya koma ruwa da ransa, ba abin da ya faru. Zan tsaya da kai har yamma, wallahi sai mun kama wani."

"Kai kuma meye naka na shiga sharo ba shanu?" Twila ta yi masa tsawa. "Tun safe ko ƙaya ba ka kama ba, sai wa'azi! Kalli can mana, kamar kowa!"

Da yana da iko da ya kalla. Tausayi ya cika shi har ya ji ya tsani kansa.

Einar ya ɗago ido, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya. "Ɗana, ƙafafuna ba za su kai yamma ba. Kifi zai dawo baɗi. Ita fa?"

Kulkin ya sauka sau ɗaya. Kifin ya daina motsi.

Royce ya dubi tsallake. Mai kallon mikiya ya riga ya miƙe, ya sauke madubinsa, ya gyaɗa masa kai.

Tsohon yana murmushi yana goge kifin matarsa da hannun riga, lokacin da Royce ya tura hannu cikin wandon robarsa, ya fiddo lambarsa ta jami'in tsaron kogi.